Funfuna a Bayan Sunan Mai Girma

Talatar makon jiya na koma ofishin kwamitin gidajenmu karo na uku don in karɓi amsar takardar da na rubuta a kan funfunar da ta cinye mana bangon banɗaki. Aka ce mini babu halin ba da amsa, saboda funfuna ta cinye takardar.

Ba ƙarya aka yi mini ba, gani ya kori ji. Ranka-ya-daɗe Mai Riƙon Fayil da kansa ya sunkuya ya jawo fayil ɗin daga ƙasan kabad, ya buɗe shi da yatsa biyu yana kawar da hanci. Shafi biyu na rubuta, da hannuna, sai da na ɓata takarda shida kafin rubutun ya miƙe. Abin da ya tsira shi ne "Bayan gaisuwa mai yawa" a sama, da rabin sunana a ƙasa. Tsakiyar duk ta yi baƙin gashi.

Kafin mu kai nan mun gaisa yadda ya kamata. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lahiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya ruwa?" Ya ce, "Ruwa sun yi gyara." Na ɗaga ido na dubi bangon da ke bayan kujerarsa, na ga irin gyaran da suka yi, na mayar da idona ƙasa.

Ya ce, "To ɗiyata, mi kika so a yi? Hujja ta lalace. Ki sake rubuto wata, kwahi ukku. Amma wanga karo ki sa ta cikin leda."

Tun daga gida nake haddar jawabin da zan yi masa. Na maimaita shi a bayan mashin, na sake maimaita shi lokacin da mai mashin ya ajiye ni a inuwa ya shiga layin mai, har na ƙara masa karin magana biyu. Da lokacin ya zo, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, ranka ya daɗe. Na gode."

Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, tunda hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Sunana Farida, ban taɓa rubutu a jarida ba, in na yi tuntuɓe a yafe mini.

Shekara biyu da suka wuce ruwa ya ci gidanmu a bakin fadama, tsakanin Talata Mafara da Bakura. Allah ya kawo mana wani babban mutum, wanda zan kira Mai Girma Inuwar Marasa Rufi, ya tsaya a kan tudu ya yi alkawarin gida ɗari uku. An gina goma sha biyu. Sauran an ce suna kan hanya, kuma kowa ya san halin hanyarmu da damina. Aka raɗa wa wurin suna Rukunin Share Hawaye. Mu muka samu gida mai lamba ɗaya, wanda ke bakin titi, wato wanda ake ɗauka a hoto. Ba butulci nake yi ba. Rufinmu kwano ne, ƙasanmu siminti, mun gode Allah mun gode wa Mai Girma, Allah ya ƙara masa inuwa.

Sai dai gidan ya zo da banɗaki na zamani, a cikin ɗakin kwana. Ranar da muka tare, Inna ta tsaya a ƙofarsa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Makewayi cikin ɗaki. To, Allah shi kyauta." A tsohon gidanmu makewayi yana can ƙuryar gida, katanga huɗu ba rufi. Ka yi wankanka ka fito, rana ta shiga ta yi nata. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa wanke bango ba.

Akwai kuma shawa. Wani ƙarfe ne mai sheƙi da ya fito daga bango ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Har yau ko ɗigo bai taɓa zubarwa ba. Maƙwabcinmu Malam Hayatu, mai walda, mutumin Birnin Tudu da ke gida mai lamba biyu, ya bi sawun bututun ya ce ya shiga bango taku ɗaya ya yi sallama. Amma ba a ce ba ta da amfani ba. A nan muke rataye soso.

Magini, Allah ya saka masa, ya bar taga ɗaya a banɗakin, tana kallon titi. Da safiyar ranar buɗe gidajen aka zo da allon ƙarfe mai ɗauke da sunan Mai Girma da laƙabansa layi biyar. Aka zaga aka zaga, ba a samu wurin da ya fi dacewa da idon kyamara ba sai daidai wannan taga. Aka ɗora allon a kanta, aka ɗaure da kusoshi huɗu, aka yanke ƙyalle, aka tafa. Tun daga ranar iska ba ta sake shiga banɗakinmu ba sai in ta biyo ta ɗakin kwana ta nemi izini.

An ba Baba takardar sharuɗɗa ya dangwala hannu. Ni kaɗai na karanta ta, don ni ko kwalin maganin sauro na samu sai na karance shi. Ba a yin katanga, tana cikin kashi na biyu na aikin. Ba a kafa zana, tana ɓata hoto. Allon kuwa ba a cire shi, ba a rufe shi, ba a kawar da shi daga wurinsa. Wanda ya saɓa, a karɓe gida.

Mun lallaɓa haka har yayata Raliya ta haihu. Aurenta a Maradun yake, haihuwar fari ce, don haka aka kawo ta gida wanka kamar yadda aka saba, ita da jaririnta Mas'ud. Duk wanda ya tsara banɗakin nan, na tabbata bai taɓa ganin wankan jego ba, ko da yake shi ma an yi shi a kansa. Garwa guda ta tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, safe da yamma, kwana arba'in. A waje ba dama, ba katanga, ga titi. Sai cikin akwatin nan. Tururi ya tashi ya bugi rufi, ya nemi hanya ya rasa, ya dawo ya kwanta a bango. In an gama, har ɗiga rufin yake yi. Malam Hayatu ya ce a taya mu murna, shawarmu ta fara aiki ta sama.

Kwana shida muka fara ganin ɗigo-ɗigo baƙi a kusurwa, kamar an watsa masoro. Kwana goma ya zama taswira. Ƙasan bango kuma ya yi kore, yana santsi. Warin kamar na jiƙaƙƙen buhu da aka manta a rumbu. Da yake ƙofar banɗakin cikin ɗaki take buɗewa, funfunar ta biyo bango ta leƙo har bayan gadon mai jego. Raliya ta fara tari. Numfashin Mas'ud ya fara wani ɗan fito siriri da kowa ke ji, kowa yana yi kamar bai ji ba. Malamar asibiti ta duba su ta ba da magani, ta ce amma babban maganin a raba su da danshi, a bar iska ta ratsa ɗaki.

Mun goge da buroshi da garin sabulu. Mun goge da toka. Mun goge da bilic har idanuna suka yi ja. Kowane karo sai ta tafi, bayan kwana huɗu ta dawo da danginta. Na nemi duk abin da zan iya karantawa a kanta, kuma duk maganar guda ce: funfuna ba ta tsoron sabulu kamar yadda take tsoron iska da rana. Inna ta ce ita ba ta karanta komai ba ta san haka.

Shi ne na rubuta wa Kwamitin Kula da Rukunin Share Hawaye takardar da kuka ji labarinta, ina roƙon a ba mu izini mu matsar da allon taku biyu. A zuwana na biyu aka ce mini an ji kukanmu, har an kafa ƙaramin kwamiti ya tafi wani gari mai nisa ya ga yadda tasu funfunar take. Kuma gaskiya a yaba musu, sun aiko da mota. Mutum biyar da bokitan fenti. Suka shafe bangon waje, ɓangaren titi, suka goge allon har yana ɗaukar ido. Da Inna ta ja hannun rigar babbansu ta nuna masa ciki, sai ya sa aka shafa fenti a kan funfunar, a jiƙe, ba kankarewa. Ya ce, "Hajiya, kin ga ta ɓace." Ta ɓace kuwa, kwana biyar. Rana ta shida fentin ya kumbura ya tsage, ta fito ta cikinsa sanye da sabuwar riga.

Ana cikin haka Gwaggo Nagode, uwar mijin Raliya, ta zo daga Maradun ganin jikanta. Mace ce da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa bukata ba. An gaisa, an tambayi mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Ta shiga ɗaki, ta ja numfashi sau biyu, ta ɗauki Mas'ud ta kara kunnenta a ƙirjinsa. Ta fito ta zauna a tabarma ta ce da Inna, "Ba rena ku ni kai ba. Amma Juma'a ta sama in na taho na iske ɗakinga da wanga ɗoyi, kwashe su za ni yi mu tahi, a ƙare wanka can."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce to mene ne, wanka ai wanka ne. A ɗauke mai jego daga gidan uwarta kafin arba'in, magana ce da za a riƙa yi a gidan suna da gidan biki har Mas'ud ya yi gemu: an kawo musu ɗiya ba su iya riƙe ta ba. Raliya ɗiyar fari ce, Inna ba ta kiran sunanta, ba ta ma nuna ta damu da ita a gaban mutane. Tuwonta dai na ranar kaji suka ci.

Wannan ne ya mayar da ni ofis a karo na uku, aka ce in dawo da leda.

Da na dawo na iske Malam Hayatu a ƙofar gidansa yana gyara ƙafar wata kujera. Ya ce, "Malama Farida, an ba da izini?"

Na ce, "Funfuna ta ci takardar, Baba Hayatu."

Ya ce, "To ai ta kyauta, ita ɗai ta karanta ta." Ya ajiye guduma. "Ɗauko min takardar sharuɗɗan nan ki karanta min wurin allo. Sannu sannu, kamar mai karanta wasiyya."

Na ɗauko na karanta. Baba da Inna suka fito suna saurare.

"Sun ce kar a cire shi?"

"Sun ce."

"Kar a ruhe shi, kar a kai shi wani wuri?"

"Haka ne."

"To ni ƙyauren ɗakina shekara biyu yana wurinsa, ban cire shi ba, ban kai shi ko'ina ba. Kullum kuma ta nan nika hita."

Baba ya gane kafin ni. Ya ce, "Hayatu, rufa min asiri. Mutanen ga in sunka tashi karɓe gida ba su duba ƙyaure. Ruwa ya kore mu sau ɗaya, ba ni son takarda ta kore mu na biyu. A bar kaza cikin gashinta."

Malam Hayatu ya ce, "Kazar ga tari takai, Alhaji."

Daga cikin ɗaki muka ji Raliya ta yi tarin nan mai tsawo, jaririn ya farka. Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Hayatu, ɗauko kayan aikinka. Ɗiyar mutane na wahala."

Ranar Laraba da hantsi muka mayar da Raliya da jariri ɗakin matar Malam Hayatu. Ya kwance kusoshi huɗun nan da ladabi, har da bisimilla. Ya liƙa wa gefen allon irin ƙarfen da ake maƙala ƙyauren taga da shi, ya mayar da shi daidai inda yake, ya sa masa 'yar sakata ta ciki. Sannan ya tura shi da yatsa. Sunan Mai Girma da laƙabansa biyar suka juya a hankali, rana ta faɗo cikin banɗakinmu karo na farko tun ranar tafi. Abin da muka gani a bayan allon ba zan kwatanta ba, wataƙila wani yana karatun nan yana cin abinci.

Sauran aikin ni da Inna muka yi, kuma ga shi nan ga duk mai irin ciwonmu. Mun ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Mun kankare fentin kwamiti gaba ɗaya, don shafa fenti a kan funfuna kamar rufe gyambo ne da sabon zani. Mun wanke da sabulu, mun ɗauraye, sannan muka bi da bilic da aka surka da ruwa, shi kaɗai, ba a haɗa shi da wani abin wanki, taga da ƙofa a buɗe. Muka bar bango ya bushe ƙayau kwana guda kafin mu shafa farar ƙasa. Tabarmar da ke bayan gado da tsohon soson da ke kan shawa muka ƙona. Rariyar da ruwa ke kwanciya a bakinta, Malam Hayatu ya zura waya ya jawo abin da ya toshe ta: guntun buhun siminti, da wani jan ƙyalle mai santsi da duk muka gane. Shi ne wanda aka yanke ranar buɗewa. Inna ta kafa doka: duk wanda ya yi wanka ya share ruwan har rariya, ya tsane bango da tsumma, allo kuma a buɗe daga fitowar rana har faɗuwarta.

Juma'a Gwaggo Nagode ta iso bayan an sauko daga masallaci, ta iske mun dawo da Raliya da jariri ɗakinsu. Ba ta shiga ɗaki ba tukuna, ta ce sai an yi wankan yamma ta ga inda tururin zai bi. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a waje, ƙarƙashin tagar.

Ana cikin wankan sai ga mota ta tsaya. Ashe labari ya kai ofis, kuma a wannan karon bai tsaya a fayil ba. Ranka-ya-daɗe Mai Riƙon Fayil ya fito da babbar riga, ya ga sunan Mai Girma a tsaye a gicciye, tururi mai ƙamshin dogon yaro yana tuɗaɗowa ta bayansa kamar ana dafa laƙaban. Baba ya tuna yana da abin yi a bayan gida. Ni kuma jawabina ya sake gudu.

Ya ce, "Wa ya taɓa allon ga? A ruhe shi yanzu!" Ya nufo tagar.

Gwaggo ba ta tashi ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan nan. Mai jego na wanka ciki. Taho ka ruhe."

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Ana jin ƙarar ganye da ruwa ta tagar. Duk girman rigar nan, ba a haifi namijin da zai ƙarasa taku biyar ɗin nan a gaban tsohuwa ba. Ya sunkuyar da kai kamar shawarmu, ya ja baya, ya rage tsawo ya ce, "Inna, an wuni lahiya? Ya mai jego? An samu ƙaruwa ashe. Allah shi raya."

"Amin. Kai ma an yi ma irin shi, ko ba a yi ba?"

"An yi, Inna."

"Cikin akwati?"

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi dai damuwarsa sunan Mai Girma ya daina kallon jama'a.

Malam Hayatu, da ke jingine da bangonsa, ya ce, "Ranka shi daɗe, da can sai mutum ya zo daidai gidan ya waiga kana shi gani. Yanzu duk motar da ta hito Mafara tun daga kwana taka karanta shi. Koma can ka diba."

Ya taka har kwanar titin da babbar rigarsa, ya juyo, ya daɗe yana kallo. Ya dawo fuskarsa ta sake, ya ciro biro ya rubuta wani abu a tafin hannunsa, ya shiga mota.

Da aka gama wanka Gwaggo ta shiga ɗaki. Ta ja numfashi sau biyu. Ta shafa bangon bayan gado ta dubi tafinta. Ta ɗauki Mas'ud ta kara kunne a ƙirjinsa, ta daɗe, mu kuma muna tsaye a ƙofa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Fiton bai tafi duka ba, amma ya yi ƙasa, tarin Raliya ma haka. Ta mayar da shi kan gado ta ce, "Kunun kanwar ku bai ji kanwa ba. A ƙara." Washegari ta hau mota ita kaɗai, ta ce sai ranar arba'in. Inna ta koma bakin murhu tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Shekaranjiya takarda ta iso daga kwamiti, a cikin leda. Suna sanar da mu cewa bayan dogon nazari da tafiye-tafiye, sun ƙirƙiro sabon tsarin allo mai buɗewa, kuma gidanmu ne ya yi sa'ar zama na gwaji. Za a zo a ƙaddamar da tagar, da sabon allo na biyu don tunawa da ranar. Ba su ambaci ruwan shawa ba, ni ma ban tambaya ba, kar soso ya rasa wurin zama.

Baba ya damu da inda za su kafa shi. Inna ta ce in rubuta musu, kwafi uku, in ce muna maraba, kuma in da hali a yi shi kamu biyu da rabi. Ta riga ta auna. Akurkin kajinmu ba shi da ƙyaure.